Wa Zai Riƙe Maka Gidan Haya: Kai da Kanka, Ɗan'uwa, Dillali ko Kamfani?

Mutumin da ya gama gina gidan hayarsa na farko, ko ya gaje shi, ko ya saye shi da kuɗin sallamar da aka ba shi bayan ya ajiye aiki, yakan ɗauka cewa wahala ta ƙare ranar da mai fenti ya kwashe bokitansa ya tafi. Alhali daga ranar ce wata sana'ar take farawa, wadda ba ruwanta da siminti ko rodi: a samo ɗan haya, a binciki halinsa, a rubuta yarjejeniya, a karɓi kuɗi a kan kari, a gyara abin da ya lalace tun bai yi ƙamari ba, sannan idan zama ya ƙi daɗi a rabu ba tare da an taka doka ba. Saboda haka kafin a zo maganar nawa za a sa wa gidan, sai an fara sanin wanda zai ɗauki wannan ɗawainiya. A garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato hanyoyi huɗu aka fi bi: mai gida ya riƙe da kansa, ko ya damƙa wa ɗan'uwa ko amini, ko ya bar wa dillalin unguwa, ko kuma ya ɗauki kamfanin ƙwararru masu kula da gidaje.

Domin lissafi ya fito fili, bari mu ɗauki misalin gida mai sassa huɗu, kowane sashe ɗaki biyu da falo, ana biyan naira 600,000 a shekara a kowanne, wato naira 2,400,000 idan gidan ya cika. Wannan adadi na misali ne, mai karatu ya sa na unguwarsa a gurbinsa.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi ne, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake biya a fili, kamar la'ada ko ladan kula da gida, akwai kuma wanda yake zurarewa ba a gani ba. A gidan misalinmu, sashe ɗaya ya zauna babu kowa na wata uku asarar naira 150,000 ce, ko da ba wanda ya zura hannu a aljihun mai gida. Haka ma jinkirin biya. A watan Disamban 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Najeriya, kuma a irin wannan yanayi hayar da ya kamata ta shigo a Janairu idan ta shigo a Yuli ba za ta sayi buhunan simintin da za ta saya a da ba.

Na biyu ɗorewa, ta ginin da ta tsarin kansa: shin wanda yake riƙe da gidan zai hau ya duba kwano da indararo kafin damina, kuma shin tsarin zai ci gaba idan shi wannan mutum ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu? Na uku sauƙi, wato yawan lokaci da zirga-zirgar da tsarin zai ci wa mai gida. Na huɗu haɗari, musamman na kuɗin da ke kwana a hannun wani da na faɗawa shari'a ba shiri.

Akwai ma'auni na biyar wanda ba a cika lissafa shi ba, ni kuwa a wurina shi ne kan gaba: shin za ka iya duban idon wannan mutum ka ce ya kawo lissafi, kuma za ka iya sallamarsa ranar da ka ga ba daidai ba? Kunya da kara halayenmu ne masu kyau, amma a harkar haya sun cinye kuɗin mutane fiye da yadda gara ta ci silin.

Ka riƙe da kanka

Ta fuskar kuɗin fili babu abin da ya fi wannan araha, domin naira 2,400,000 ɗin nan duka naka ne. Abin da za ka kashe shi ne ladan lauyan da zai tsara maka yarjejeniya mai kyau, wadda a al'adar garuruwa da dama ɗan haya ne ma yake biyan kuɗinta. Ta fuskar ɗorewar gini ma babu kamarsa, don wanda ya san nawa ya sayi kwano shi ne yake jin ɗigon ruwa a jikinsa.

Sai dai aikin yana da ƙa'idojin da dole a koya. Rubutu shi ne na farko, kuma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Yarjejeniyar ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewar wa'adi ƙarara, ta faɗi adadin kuɗi da ranar biya, ta raba gyara: rufi da bango da rijiyar burtsatse da kwashe sokawe galibi na mai gida ne, kan famfo da makulli da ƙwan fitila da gilashin da yara suka fasa na ɗan haya ne. Ta kuma taɓo abubuwan da ke haddasa rigima a gidajenmu waɗanda takardun da ake kwafowa daga intanet ba su san da su ba, kamar kiwon tumaki da kaji a tsakar gida, da daka a turmi a saman bene ko a kan tayil, da kafa murhun itace a jikin bango, da mayar da falo shagon ɗinki, da sa wani a gidan a karɓi haya a hannunsa ba da sanin mai gida ba. Ranar miƙa makulli a zaga tare a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a kuma rubuta lambar mita da abin da ke kanta.

Maganar wuta tana buƙatar a tsaya a kanta. A aikace bashin lantarki yakan zauna a kan mitar gida bayan mai bashin ya tashi, don haka ko gidanka a yankin KEDCO yake, wato Kano da Katsina da Jigawa, ko a yankin wani kamfanin, ka yi ƙoƙari kowane sashe ya sami mitar kati tasa. Mita ɗaya ga gidaje huɗu rigima ce ta kowane ƙarshen wata, don mai firji biyu da hita zai ce a raba daidai, mai fanka ɗaya ya ce bai yarda ba, ƙarshe a kira ka ka zama alƙali.

Haɗarin wannan hanya yana wuri biyu. Na farko sabo. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ɗan hayar da kuke sallar asuba a sahu ɗaya, wanda ya zo sunan jikanka, ranar da ya durƙusa ya ce matarsa tana asibiti a ɗaga masa ƙafa zuwa bayan Sallah, ba kowane mai gida ne zai iya cewa a rubuta sabuwar ranar biya a sa hannu ba. Rangwame ga mai wahala alheri ne, amma a yi shi da sani, a rubuce, da iyaka. Na biyu fushi. Idan haƙuri ya ƙare wasu sukan cire ƙofa, ko su yaye kwano, ko su yanke ruwa, ko su watso kaya waje, kuma duk wannan doka ta hana, har kotu tana iya sa mai gida ya biya diyya ga mutumin da yake bi bashi. A dokar Abuja da dokar haya ta Legas ta 2011 da na jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adin ba, ɗan hayar shekara yana da notis na wata shida, na wata-wata yana da wata ɗaya, na mako-mako yana da mako ɗaya. Bayan wannan ya cika sai a ba da notis na kwana bakwai cewa mai gida zai nemi gidansa a kotu, sannan a shigar da ƙara. Kuskure a lissafin waɗannan ranaku kan sa a watsar da ƙara a koma farko, shi ya sa ko mai riƙe gida da kansa ya kamata ya bar wa lauya rubutun notis. Kafin a kai can kuma, mai unguwa ko limami ko dattawan layi sukan warware da yawa a zaure cikin yamma ɗaya.

Ka damƙa wa ɗan'uwa ko amini

Wannan ita ce hanyar da zuciya ta fi karkata gare ta, musamman ga wanda aiki ya kai shi Abuja ko Fatakwal ko Saudiyya, kuma ita ce wadda ake ganin kamar kyauta ce. Amma a yi lissafi. Sau da yawa ladan ɗan'uwan shi ne a ba shi sashe ɗaya ya zauna. A gidan misalinmu wannan naira 600,000 ce a shekara, kashi 25 cikin 100 na kuɗin gidan, fiye da ninki biyu na abin da kamfani zai caja. Idan kuma ba a yanka masa komai ba, aka bar shi da “Allah Ya saka da alheri” da ɗan ihsanin Sallah, to an bar shi ne ya yanka wa kansa, ba tare da shi ko mai gidan sun kira abin da sunansa ba.

Na san wata baiwar Allah da take aure a Abuja, ta gaji gida a Kano, ta bar wa ƙaninta. Shekara uku yana turo mata kuɗi duk lokacin da ta tambaya, wani lokaci cikakke, wani lokaci da bayanin cewa an yi gyara. Da ta zo ganin gida cikin watan Agusta ta shiga sashen baya, sai ta tarar da roba uku a jere a tsakiyar falo suna tarar ruwa, silin ya yi ciki ya yi baƙi, fentin bango yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ta yi wa matar gidan maganar hayar bana, matar ta shiga ɗaki ta fito da takardu biyu da aka yago daga littafin makaranta, da sa hannun ƙanin, suna nuna an biya har ƙarshen baɗi. Kuɗin sun tafi a kayan lefensa. Da ta kai magana gida mahaifiyarsu ta ce, “Ƙaninki ne fa, ki rufa masa asiri.” Magana ta mutu a nan, ita ce kuma ta sake fitar da kuɗi ta canza rufin.

Ba kowane ɗan'uwa ne haka ba, akwai waɗanda suka riƙe gidajen 'yan'uwansu shekaru ba a nemi ko sisi an rasa ba. Matsalar tsarin ita ce ba shi da birki: idan ya yi kyau halin mutumin ne ya sa, idan ya lalace babu inda za a kai kuka, don wanda ya kai ƙaninsa gaban alƙali a kan kuɗin haya shi dangi za su zarga. A ma'auni na biyar wannan hanya ce ta zo ƙarshe. Ta fuskar sauƙi tana da daɗi a shekarar farko, ta fuskar ɗorewa kuwa ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya.

Wanda ya ga ba makawa sai ita, to ya mayar da ita wakilci na gaskiya. A yanka wa wakilin lada sananne, ko kashi 5 cikin 100 ne, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai karɓar lada ana iya tambayarsa ba a ji nauyi ba. A rubuta iyakar ikonsa. Sannan a gaya wa 'yan haya a cikin yarjejeniya cewa kuɗin haya asusun bankin mai gida kaɗai ake turawa, duk wanda ya ba wani a hannu bai biya ba.

Ka bar wa dillali

Dillalin gidaje na unguwa yana da abin da sauran ba su da shi: ya san wanda zai yi aure wata mai zuwa yana neman ciki da falo, ya san ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ya san nawa aka ba da gidan bayan layinku. Wajen cika gida da wuri babu mai kama ƙafarsa. La'adarsa, wadda a wurare da yawa kashi 10 cikin 100 ce ta hayar shekara, galibi ɗan haya ne yake biya, don haka a fili mai gida bai kashe komai ba.

Amma a lura da inda abincinsa yake. Dillali yana samu ne ranar da sabon mutum ya shiga, ba ya samun komai daga ɗan haya nagari da ya shekara biyar yana biya a kan lokaci. Saboda haka bukatarsa da taka sun haɗu a ranar farko, daga nan sun rabu. Wasu sukan ɗora wani abu a kan farashin da ka faɗa, gidan ya daɗe ba a kama ba kai kana tsammanin kasuwa ce ta mutu. Wasu sukan zuga mai gida ya yi ƙarin da zai kori na ciki. An kuma sha jin wanda ya karɓi kafin-alƙalami a hannun mutum biyu a kan sashe ɗaya. Gyara ba sana'arsa ba ce, rubutun lissafi ma haka, kuma yawancinsu ba su da rajistar da za a iya ƙwacewa idan sun ci amana. Abin da ya fi shi ne a ɗauke shi a matsayin mai kawo mutum kawai: ya kawo, kai ka zauna da mai neman hayar, ka tambayi sana'arsa da yawan iyalinsa da inda ya taso, ka nemi jin ta bakin tsohon mai gidansa, ka sanar da mai unguwa, sannan a karɓi kuɗi.

Ka ɗauki kamfanin ƙwararru

A Najeriya wannan sana'a tana da hukuma. ESVARBON, wadda aka kafa da doka a 1975, ita ce take yi wa ƙwararrun kimanta kadarori da kula da su rajista, tana kuma da ikon ladabtar da su. Ƙungiyarsu kuwa ita ce NIESV, wadda aka kafa a 1969. Ba duk ofishin da ya kafa allo ya zana hoton gida ne yake da wannan rajista ba, don haka a nemi suna da lambar rajistar mai kamfanin a tabbatar. Ladansu yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na hayar da aka karɓa, wato har naira 240,000 a gidan misalinmu, kuma ana yin ciniki.

Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne takarda da tazara. Akwai fayil, akwai rasit, akwai bayanin shiga da fita, akwai wasiƙar tunatarwa da ke isa ga ɗan haya kafin wa'adinsa ya cika, kuma wanda ya rubuta ta ba ya jin kunyarsa. Rasit ma ya ƙara daraja yanzu, domin dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da yake biya, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai, don haka ma'aikata za su riƙa neman shaidar biya ta sosai. Ta hannun irin waɗannan kamfanoni ne kuma bankuna da ƙungiyoyin agaji suka fi neman gidaje, sai dai mai gida ya sani cewa irin waɗannan 'yan haya sukan cire kashi 10 cikin 100 na haraji kafin su biya.

Rauninsu shi ne ƙaramin gida ba ya gabansu. Kamfanin da ke riƙe da rukunin shaguna a Zoo Road ko gidaje a Nasarawa GRA a Kano ba zai tura ma'aikaci da gaggawa don famfon da ya fashe a gida mai sassa huɗu a bayan gari ba. Kuɗin gyara ma yakan kumbura a takarda, kuma wasu sukan riƙe haya makonni kafin su tura. Maganin wannan a yarjejeniyar ku yake: a faɗi cikin kwana nawa za a tura kuɗi, a faɗi adadin da in gyara ya wuce shi sai an nemi izininka da hoto, a faɗi yadda kowane ɓangare zai iya janyewa. Akwai lauyoyi ma da suke riƙe gidaje a kan irin wannan lada; sun fi kowa iya notis da kotu, amma da wuya ka ga lauya a kan tsani yana duba indararo.

| Hanya | Kuɗin fili | Kula da gini | Sauƙi ga mai gida | Babban haɗari | Neman lissafi da sallama |
|---|---|---|---|---|---|
| Kai da kanka | Ladan lauya kawai | Mai kyau ƙwarai | Akwai wahala | Kunya, fushi, kuskuren notis | Ba ya tasowa |
| Ɗan'uwa ko amini | Daga ihsani zuwa sashe guda | Ya danganta da halinsa | Da sauƙi a farko | Kuɗi su salwanta, zumunci ya ɓaci | Mai wuya ƙwarai |
| Dillali | Galibi ɗan haya ke biya | Kusan babu | Matsakaici | Ƙarin farashi, baƙon da ba a tantance ba | Sallama da sauƙi, lissafi babu |
| Kamfani | Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 | Matsakaici zuwa mai kyau | Mafi sauƙi | Sakaci da ƙaramin gida, kumbura kuɗin gyara | Da sauƙi, a rubuce yake |

Wacce ta dace da wa

Wanda yake zaune a gari ɗaya da gidan, sassan ba su wuce huɗu ko biyar ba, yana da lokaci kamar ɗan fansho ko mai shago a kusa, ya riƙe da kansa, ya yi amfani da dillali wajen kawo mutane da lauya wajen takardu. Shekara biyun farko za su koya masa abin da ko daga baya ya ba kamfani ba za a rufe shi a lissafi ba. Idan ya san kansa da kunya, ya sa wasiƙar tunatarwa ta riƙa fitowa daga ofishin lauyan.

Wanda yake nesa, gidan kuma yana unguwar da haya take da tsada, ko shaguna ne da ofisoshi, kamfani mai rajista ya fi masa, ya kuma sa wani nasa ya riƙa leƙawa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ya turo hotuna. Wanda yake nesa amma gidan ƙarami ne a cikin lungu inda kamfani ba zai kula ba, shi ne wanda wakilcin ɗan'uwa ya kama dole, da sharuɗɗan da aka ambata: lada sananne, iko rubutacce, kuɗi ta banki.

Macen da ba ta son yawan cuɗanya da 'yan haya maza tana iya raba aikin biyu, miji ko wa ya tsaya a kan magana da gyara, asusun da ake biya da takardun gida kuwa su kasance da sunanta. Gidan gado da ba a raba ba, wanda magada goma suke da haƙƙi a ciki, ya fi kowanne buƙatar bare. Idan ɗaya daga cikin magadan ne yake karɓa, ko waliyyin Allah ne sai an zarge shi, don haka su zauna su sa hannu gaba ɗaya a kan kamfani ko lauya guda, a buɗe asusu na musamman, a ware wani kaso na gyara kafin a raba saura bisa rabon da shari'a ta yanka wa kowa, a kuma tura wa kowane magaji kwafin lissafin shekara har da matan da ke aure a wasu garuruwa.